Za mu sayar da gidanmu na cikin gari, mai saye plaza zai yi

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema kuma ina so a yi min magana tsakani da Allah. Gidanmu na gado yana cikin gari ta wajen Ƙofar Wambai, lungu biyu ne tsakaninmu da bakin titi. Mahaifinmu shekara uku kenan da rasuwa, mu 17 ya bari da iyayenmu mata biyu. Tun ba a yi arba'in ba dillalai ke sintiri, to yanzu an samu wani ɗan kasuwa ya taya, kuɗin da ya faɗa sai da ɗakin ya yi tsit. Bai ɓoye mana komai ba, ya ce rushewa zai yi ya ɗora plaza, ƙasa shaguna sama sito. A layinmu gida 9 ne, 5 sun riga sun tafi, in ka fito bayan isha'i babu kowa sai maigadi da ƙarar janareto, masallacin layin da a da sai an shimfiɗa tabarma a waje da asuba yanzu sahu ɗaya ba ya cika, amma da azahar har bakin kwata ake sallah saboda 'yan kasuwa. Ranar Juma'a za mu zauna a yanke magana. Ni wallahi zuciyata ta ƙi, a soron gidan nan na yi karatun allo, a nan aka ɗaura auren kakana da na babana da nawa, amma ƙannena suna buƙatar haƙƙinsu kuma ba ni da kuɗin da zan fanshi kason kowa. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan ku faɗa min, da kuka sayar me kuka gani?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Yaya ni gaskiya zan faɗa maka ko da ba za ta yi daɗi ba, ku sayar tunda an taya da daraja. Kano garin kasuwa ne tun asali, Kurmi ma ai Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta yau shekara sama da 500, kuma ita ta jawo unguwannin da ke kewaye da ita. Mu a kasuwar Kantin Kwari waje ya yi mana kaɗan, yaro ya yi shekara bakwai yana yi wa ubangida hidima an sallame shi da jari, ina zai sa kaya? Dalilin da ya sa gidajen Fagge suka dinga komawa sito ɗaya bayan ɗaya kenan. Mutum ya taso daga Maraɗi ko Chadi ko Kamaru ya zo sari, ba zai tafi bayan gari nemanka ba, inda kasuwa take nan zai tsaya. Plaza ɗaya ka lissafa yaran shago da 'yan dako da masu kura da mai abinci da mai shayi da ke ci a jikinta. Gidan ƙasa kuwa kowace damina sai an yi yaɓe, azara ta ci, ga mutum 17 kowa na jiran wani ya gyara.

Hajiya Maman Sadiq:
Baban Ummi Allah ya jiƙan mahaifinku. Ni na gani da idona don haka bari in ba ka labari. Namu gidan mun sayar shekara takwas da suka wuce, mu ma cikin gari ne, kuma a lokacin har da ni a masu cewa a sayar. Aka raba kuɗi, maza suka sayi filaye can gaba da Rijiyar Zaki wasu Ɗorayi wani Mariri, muka watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Mahaifiyarmu yayanmu ya ɗauke ta ya yi mata ɗaki mai kyau har da tayil da fanka, amma wallahi tun daga ranar ba ta ƙara walwala ba. A tsohon gida akwai wata 'yar ƙofa tsakaninmu da maƙota, ko mayafi ba ta sakawa take shiga, in ta yi dambu sai ta zuba a kwano biyar ta aika, in an yi haihuwa a layin ita ke wankan jariri, ko tari ta yi da dare sai an leƙo da safe an ce Inna lafiya muka ji ki jiya. A sabon wajen kowa ya ja get ya rufe, katanga ta fi mutum biyu tsayi, wata shida ba ta san sunan matar gidan da ke jikinsu ba. Kullum maganarta ku kai ni gida. Ran nan na ɗauke ta a adaidaita muka je, da muka isa sai ta kasa gane wajen, bene hawa uku an jera robobi da bokitai har kan hanya, ta tsaya tana nuna wani shago tana cewa nan ne rijiyarmu take. Yaron shagon ya ba ta kujera ta zauna ta yi kuka mai isarta muka dawo.

Da ta rasu, mutanen tsohuwar unguwa da suka zo jana'iza sai da suka yi ta kiran waya suna neman gidan, wasu har aka kai ta ba su iso ba. Kuɗin kuma ba zan ɓoye maka ba, cikin mu 11 mutum huɗu ne kawai suka mallaki muhalli da shi, sauran haya suke yi yau. Ban ce kar ku sayar ba, amma ku fara tunanin iyayenku mata kafin komai.

Ummu Hanan:
Hajiya Allah ya jiƙan Inna, labarin nan ya taɓa ni sosai. Amma don Allah a ji ta ɓangarenmu mu mata. Sau da yawa in aka ce kar a sayar da gidan gado a bar tarihi, maza ne ke zaune a ciki da matansu da 'ya'yansu kyauta, mu da muka yi aure muka fita ba mu da komai sai sunan muna da gado. Ni mijina ya rasu ya bar ni da yara huɗu, ina haya ɗaki biyu a Kurna, ga gidan ubana can yayyena suna ciki shekara 12 ana cewa a yi haƙuri. To haƙurin har yaushe? Ina son gidan ni ma, a nan aka binne cibiyata, amma kuɗin makarantar yara ba ya jira. Baban Ummi in ƙannenka sun ce a sayar kar ka ɗauka ba sa ƙaunar gidan ne.

Ustaz na Sheka:
Maganar 'yar'uwa Ummu Hanan gaskiya ce kuma ita ce shari'a. Da zarar mutum ya rasu dukiyarsa ta zama ta magada, jinkirta rabo ba tare da yardar kowa ba zalunci ne ko da an kira shi riƙon zumunci. Matan mamaci suna da tumuni, wato ɗaya bisa takwas su raba tsakaninsu tunda akwai 'ya'ya, saura namiji rabon mace biyu. In gida ba zai rabu ba sai ya lalace to a yi masa kuɗi. Amma akwai ƙofar da mutane ke mantawa, ba dole sai bare ne zai saya ba. Ku da kuka yi tarayya a gidan kun fi kowa haƙƙin fansar kason wanda yake son fita, a kan kuɗin da aka taya. In mutum biyar ko shida cikinku za su iya haɗa ƙarfi su sallami masu buƙata, gida ya tsaya kuma ba a ci haƙƙin kowa ba. A yi komai a rubuce gaban shaidu da mai unguwa, in da hali a kai kotu ta tabbatar.

Injiniya:
Ni ta ɓangaren aikina zan yi magana. Matsalar ba plaza ba ce ita kaɗai, yadda ake yinta ne. Kakanninmu da suka gina cikin gari da tubali, ramin da suka haƙi ƙasa shi ya zama kududdufi, kusan kowace unguwa tana da nata, ruwan sama ya sauko ta indararo ya bi lungu ya faɗa kududdufi, in ya cika ya tafi rafin Jakara. Tsakar gida kuma ƙasa ce tana shan ruwa. Yanzu an cike kududdufai da bola an yanka filaye, wanda ya sayi gida ya rushe sai ya gine filin kaf daga katanga zuwa katanga, ya ɗaga fandisho ya fi na maƙota, ya malale gaba da siminti, wani ma ya hau kan magudanar ruwa ya ƙara shago biyu. To ruwan ina za shi? Gidan talakan da bai sayar ba nan zai shiga, shekara biyu uku ginin ƙasa ya jiƙe ya zauna, shi ma dole ya kira dillali. Haka layi ke tafiya gida bayan gida.

Ku tuna damina ta 2022, a watan Agusta ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfofi da shaddoji na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwar da kansu suka dinga cewa gine-ginen da aka yi kan hanyoyin ruwa ne sila. A ƙarshen watan nan dai bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut inda ake sayar da wayoyi, aka rasa rayuka. Kuma kusan babu plazar da ke barin wajen ajiye mota ko wajen sauke kaya, tirela sai ta tsaya a tsakiyar titi. Lungun da aka yi shi don jaki da mai tafiya a ƙasa shi ake so ya ɗauki wannan duka.

Mai Adaidaita 442:
Injiniya ka faɗi gaskiya wlh. Mu da muke kan titi tun asuba mu muka san Kano. Gadoji sun taimaka ba ƙarya, kafin a yi ta Ƙofar Nasarawa da ta Sabon Gari da ta Dangi da Hotoro ai wahala ake sha. Amma kana saukowa daga gada sai ka faɗa gosulo, daga Bata zuwa Kwari zuwa Wambai da yamma sai ka ƙona man da ya fi kuɗin fasinja. Kuma fasinjan da nake ɗauka da safe daga Panshekara da Gaida da Bachirawa rabinsu 'yan asalin cikin gari ne, in kuna hira sai ka ji ya ce ai ni ɗan Yakasai ne ko ɗan Koki, gidanmu aka sayar. Da ƙafa yake zuwa kasuwa a da, yanzu mota biyu yake hawa zuwa biyu dawowa. Tun da aka hana achaɓa a 2013 mu ne muke ɗaukar garin nan kuma mun yi yawa mu ma, motocin haya manya ake buƙata masu tsari.

Sarkin Yaƙi:
Ai duk wannan ɓarnar an san lokacin da aka yi ta. Wa ya yanka Filin Idi aka yi shaguna? Wa ya ba da Daula Otal da jikin makarantu da maƙabartu da gefen ganuwa? Da ba a zo an yi rusau a watan Yuni na 2023 ba da yanzu ko filin da za a yi sallar Idi babu.

Ɗan Kwari:
Sarkin Yaƙi rusau ɗin da kake yabo mutane nawa ya mayar fakirai? Waɗanda suka sayi shagunan nan da takardun gwamnati suka saya, ba sata suka yi ba. Kotun tarayya ai ta ce a biya masu shagunan Filin Idi naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Wannan kuɗin na waye in ba na talakan Kano ba? Har shataletalen gidan gwamnati aka rushe aka sake wani. Wannan ya gina wancan ya rushe, mu ne a tsakiya.

Admin:
Jama'a don Allah. Bawan Allah ya kawo maganar gidansu yana neman shawara, kar mu mayar da ita Kwankwasiyya da Gandujiyya. Duk wanda ya ƙara zan goge. A ci gaba da abin da ya tara mu.

Malam na Gwale:
Na gode Admin. Ni malamin makaranta ne, tarihi nake koyarwa shekara 26, kuma abin da zan ce ya shafi kowace gwamnati da mu kanmu. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen shekara 900 kenan, Rumfa ya faɗaɗa ta, wasu sarakunan bayansa suka ƙara. Turawa da suka zo a 1903 sun tarar da ita a tsaye sai da suka sa igwa. Yau ka bi ta titin BUK ka duba abin da ya rage, wani wajen tudun ƙasa ne kawai da bola a kai, wani wajen gidan mai ne ko shaguna. Kuma ba gwamnati kaɗai ta cinye ta ba, mu muka dinga zuwa da jakuna da kura muna ɗibar ƙasarta muna yaɓen gidajenmu. Ƙofar Na'isa a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi aka sake ginawa, ƙofofi da yawa yanzu siminti ne da fenti, suna ne kawai ya rage. Tun 2007 ganuwar ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihi na duniya, har yau tana jerin jira, ga shi abin da za a nuna yana ƙarewa. Hawan Sallah dai ya samu shiga jerin al'adun gargajiya na UNESCO a Disambar 2024, alhamdulillahi, amma dokin ai ta cikin unguwanni yake bi, in babu mutanen unguwa a kan dakali da saman soro suna kai gaisuwa wa za a yi wa hawan?

Abin da ya fi damuna shi ne sunayen unguwanni. Agadasawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Ayagi, Dandalin Turawa, Alfindiki, Soron Ɗinki, kowane suna yana gaya maka su waye suka zauna a nan ko me ake yi a wajen. Na tambayi 'yan ajina su 60 da wani abu wa ya taɓa shiga Gidan Makama, hannu uku na gani. Wa ya taɓa hawa Dala, bakwai. Marinar Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 take, yawancinsu ta gilashin adaidaita suka santa. Yaran nan iyayensu 'yan cikin gari ne fa, amma an haife su a bayan gari, ba su da wata kaka a ciki da za su je wa yini.

Ɗan Kwari:
Malam Allah ya ƙara ilimi, ina girmama ka. Amma sunayen da ka lissafa ai hujjata ce. Agadasawa da Nufawa da Barebari da Larabawan Dandalin Turawa me ya kawo su in ba kasuwa ba? Su ma a lokacinsu baƙi ne, wataƙila wani ya yi ƙorafi ya ce sun canza gari. Jirgin ƙasa ya iso aka yi Sabon Gari aka yi dalar gyaɗa, yau ina dalar? Ta tafi kuma Kano ba ta mutu ba. A ƙidayar 2006 ma mutum miliyan 9 da dubu 400 aka samu a jihar, yau shekara nawa, kowa ya san an ninninka haihuwa ga masu gudun rashin tsaro daga jihohin maƙota. Ba za a ce mutane su zauna yadda aka zauna zamanin Sarki Alhaji ba.

Malam na Gwale:
Alhaji ban ce a tsaya cak ba. Bambancin shi ne waɗancan da suka zo zama suka yi, suka gina gida da masallaci da makaranta, suka aurar suka aura, shi ya sa unguwa ta ɗauki sunansu. Plaza ba ta kwana da kowa. Ƙarfe shida an ja ƙofa an sa kwaɗo, mai ita yana Nasarawa GRA ko wata sabuwar unguwa, yaran shago sun hau adaidaita. Unguwar da babu mai kwana a cikinta babu mai unguwa, babu liman na asuba, babu dattijon da zai tsawatar wa yaro, kuma ka tambayi waɗanda suka rage a irin layukan nan su gaya maka su wa ke zama a barandar shagunan da tsakar dare.

Baban Ummi:
Wannan haka yake Malam. Wata biyu da suka wuce ƙanwata ta dawo daga islamiyyar dare aka tare ta a bakin lungunmu aka karɓe waya, ta yi ihu babu wanda ya fito don babu kowa a gidajen wajen, duk sito ne. A da ko kaza ba za ta ɓata a layin nan ba.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa, ni daga Zinder nake amma Kano nake sari shekara 15, duk wata ina Kwari da Wambai. Ina so in ce ku duba Agadas. Tsohon garin ya shiga jerin UNESCO a 2013, da masallacin nan mai doguwar hasumiya ta ƙasa da fadar sarki da unguwannin da ke kewaye, kuma mutane suna zaune a ciki har yau, ba a kore su ba. Akwai ƙa'ida kan irin ginin da za ka yi a ciki. Ban ce babu ƙorafi ba, wasu suna son siminti don damina tana yi musu ɓarna. Kuma na san Kano ba Agadas ba ce, kasuwarku da yawanku sun ninka nasu nesa ba kusa ba. Amma ko unguwa uku huɗu aka keɓe kewayen Gidan Rumfa da Kurmi da Dala aka ce nan ba a yin sito, aka taimaka wa masu gida da gyara, da an tsira da wani abu. Mu baƙi in mun zo Kano ba shago kaɗai muke son gani ba, shago akwai shi ko'ina.

Ummu Hanan:
To amma in aka keɓe aka ce ba a yin plaza ai darajar gidan ta faɗi, wa zai biya magada bambancin? Kar a adana tarihi da haƙƙin marayu.

Injiniya:
Tambayarki a kan hanya take Ummu Hanan, kuma amsarta sai gwamnati ta sa hannu, ko dai ta sayi irin waɗannan gidaje da daraja ko ta buɗe wa kasuwa wani wajen da gaske. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, kuma akwai hukumar tsara birane ta KNUPDA da aikinta shi ne ba da izinin gini da sauya gida zuwa wurin kasuwanci, don haka ikon yana nan. An gwada fitar da mutane, an gina rukunin gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, an yi kasuwar Dangwauro kan titin Zariya inda aka ce 'yan magani na Sabon Gari su koma, kuma kowa ya ga irin jan ƙafar da aka yi. Ɗan kasuwa ba ya barin inda ƙafa take. Ko Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014 da ɗoki, Shoprite ta rufe ta bar Kano a farkon 2024, amma Kwari da Singa da Wambai kullum ƙara cika suke. Wannan ya nuna maka matsin a kan cikin gari ba zai ragu da kansa ba.

Baban Ummi ga shawarata a aikace. In gidanku yana da faɗi ta gaba, akwai waɗanda suka fasa shaguna uku ko huɗu a fuskar gida suka bar ciki yadda yake, kuɗin haya ana raba wa magada duk shekara ko a tara a dinga sallamar masu son fita ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma masu zuwa su ce za su gina muku bene su ci haya shekara kaza sannan su bar muku, wannan ku yi hattara sosai, na ga inda aka yi ginin da rodi kaɗan don mai ginin ya san kafin ya tsage ya fita, kuma na ga inda takardar ta zama ta sayarwa magada ba su sani ba. Kar ku sa hannu sai lauyanku ya karanta, naku ba nasa ba. In kuma sayarwar ce ta tabbata, ku samo mai kimanta gida na daban kar ku dogara da bakin dillali, shi la'adarsa yake so ta fito da wuri.

Hajiya Maman Sadiq:
Injiniya da mun samu mai gaya mana haka a lokacin da wataƙila ba mu watse ba. Mu dillali ne ya zo da mai saye da mai rubutu duk rana ɗaya.

Ustaz na Sheka:
Ƙari kan maganar Injiniya, in za a bar gida a dinga cin haya to sai kowane magaji baligi ya yarda da bakinsa, mata a tambaye su su kaɗai ba a gaban yayyensu ba don kunya tana sa mace ta ce na yarda alhali ba ta yarda ba. In akwai ƙananan yara kasonsu amana ne. Wanda ya ce shi kuɗinsa yake so yanzu a nemi yadda za a ba shi, ba a yi masa gori.

Baban Ummi:
Jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Jiya da daddare bayan na karanta maganganunku na shiga wajen Hajiyarmu na zauna, abin kunya tunda aka fara maganar nan wata huɗu babu wanda ya tambaye ta ita da abokiyar zamanta me suke so, mu maza muke ta lissafi a soro. Ta yi shiru ta daɗe sannan ta ce ita shekararta 51 a ɗakin nan, amma ba za ta so a ce saboda ita aka hana 'ya'ya haƙƙinsu ba, in an sayar a nema mata ko ɗaki ɗaya ne a cikin gari kusa da 'yan'uwanta kar a kai ta inda ba ta jin kiran sallar masallacin Juma'a na gidan Sarki. Na fito na tsaya a soron ina kallon rufin, azarar nan kakana ne ya sa aka jera ta, har yanzu ga baƙin hayaƙin fitilar da muke karatu da ita a jikin bango, ga ƙusar da Malam yake rataye allunanmu.

Na kira ƙannena mata uku da safe ɗaya bayan ɗaya kamar yadda Ustaz ya ce. Biyu sun ce in za a fasa shaguna a dinga ba su haya sun yarda, ɗaya ta ce ita kuɗinta take so don mijinta ba shi da lafiya, kuma na ce mata haƙƙinta ne. Fuskar gidanmu za ta ɗauki shago uku in aka ci ɗakin samari, soron ba sai an taɓa shi ba. Ban sani ba ko sauran maza za su yarda, biyu daga cikinsu sun riga sun ga filaye a Janguza. Zan kai maganar ranar Juma'a.

Ɗan Kwari:
Yaya in dai kun fasa shagunan ka yi min magana, ina da yara biyu da na sallama suna neman waje a ɓangaren nan, kuma za su biya shekara biyu gaba ɗaya, wataƙila ya isa ku fara rage wa ƙanwar taku. Har yanzu ina ganin nan da shekara goma layin zai tafi duka, amma Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Injiniya:
Kafin Juma'a ka auna min faɗin fuskar gidan da tsawonsa ko da taku ne, ka ɗauko hoton inda ruwan layin yake bi da tsayin dandamalin plazar da ke jikinku, ka turo min ta inbox. In ruwansu gidanku yake shiga sai an fara gyara wannan kafin a yi maganar shago.

Hajiya Maman Sadiq:
Baban Ummi in babu damuwa ka haɗa ni da Hajiyarku mu gaisa, ina so in yi magana da ita da abokiyar zamanta kafin zaman naku.

Baban Ummi:
To Hajiya, na gode. Zan turo miki lambar yanzu, ki kira bayan la'asar lokacin ta idar da lazimi. Injiniya gobe da safe in sha Allah zan auna in turo.